Muhawara: Wa ke zuba kuɗi, wa ke kwasar riba a gasar manyan wuraren shaƙatawa?

Baban Yusra:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai lissafin da ya daɗe yana yi mini yawo a kai, na ga gara in kawo shi gaban masana. A watan Satumban 2023 kamfanin Disney ya sanar cewa zai kashe dala biliyan 60 cikin shekara goma a kan wuraren shaƙatawarsa da jiragen ruwansa na yawon buɗe ido. Amma a ranar 7 ga Mayun 2025, da shugaban kamfanin na lokacin, Bob Iger, ya je Abu Dabi ya sanar da gina sabon wurin Disney a tsibirin Yas, sai aka ji cewa kamfanin Miral na ƙasar ne zai biya kuɗin ginin kaf, shi ne kuma zai gudanar da wurin, Disney kuwa zane da sa ido da suna kawai zai bayar, a riƙa yanka masa kasonsa. A ɗan sanin da na yi wa kasuwanci, mutum ba ya ganin inda riba take ya ƙi sa kuɗinsa. Shin Disney bai yarda da kasuwar Larabawa ba ne, ko kuwa wayo ne ya yi musu?

Akantan Zaure:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a ce wayo ko tsoro, ya kamata a tuna cewa wannan tsari ba sabo ba ne, kuma Disney ya taɓa cizon yatsa a kansa. Wurin Disney na Tokiyo da aka buɗe a 1983 ba mallakarsa ba ne har gobe. Wani kamfanin Japan mai suna Oriental Land ne ya gina shi, shi ke da shi, Disney kuwa aka daidaita da shi a kan kashi 10 cikin 100 na kuɗin shiga da kashi 5 na abinci da kayan tsaraba. A lokacin Disney ya nutsa da kuɗinsa cikin ginin dandalinsa na Epcot a Filorida, don haka ya ga wannan a matsayin riba ba tare da kasada ba. Da wurin ya cika ya batse shekara bayan shekara, sai shugabannin kamfanin suka gane cewa sun saki kaza sun kama gashinta. Wannan nadama ce ta sa da aka zo batun Faransa suka ce a wannan karon da su za a yi, suka riƙe kashi 49 na hannun jari, suka kuma gina otal-otal masu ɗakuna sama da 5,000 tun ranar farko.

Abin da ya biyo baya sananne ne. An buɗe Euro Disney a watan Afrilun 1992, jama'a sun zo, amma ba su kwana ba, domin birnin Faris bai wuce tafiyar kilomita talatin da 'yan kai ba kuma jirgin ƙasa na kai mutum har bakin ƙofa. Ɗakuna suka zauna babu kowa, kuɗin ruwa na bashi yana ta hawa, har a 1994 sai da aka sake fasalin bashin, Yarima Alwaleed bin Talal na Saudiyya ya shigo ya sayi kusan kashi 24. Sai a 2017 Disney ya saye kusan dukkan hannun jarin. Saboda haka kamfanin ya ɗanɗana ɗacin ɓangarorin biyu, kuma a ganina abin da ya yi a Abu Dabi zaɓi ne na wanda ya ga nadamar Tokiyo ta fi sauƙi a kan nadamar Faris.

Maman Khalil:
Malam Akanta ya taɓo jijiyar maganar da ya ambaci kwana. Ina zaune a Amurka, kuma mun kai yara Orlando ta jihar Filorida sau biyu, don haka bari in faɗi abin da idona ya gani. Mutane da yawa suna zaton gasar da ke tsakanin Disney da babban abokin gasarsa, kamfanin Universal, ta wanda ya fi lilo mai tsayi ce ko mai gudu. Ainihin abin da suke kokawa a kai shi ne kwanakin hutun iyali. Iyalin da ya zo da kwana bakwai, wa zai ci biyar, wa zai ci biyu? Domin wanda ka kwana a otal ɗinsa shi ne zai sayar maka da karin kumallo, da abincin dare, da rigar da yaro zai kafe sai an saya masa. A can Disney na da fili mai girman eka kusan 25,000 da manyan dandali huɗu da otal sama da ashirin, kuma daga 2005 har zuwa ƙarshen 2021 yana ɗauko baƙin otal-otal ɗinsa daga filin jirgin sama a bas kyauta. Ba sadaka yake yi ba. Wanda bai ɗauki hayar mota ba, fita zuwa wajen abokin gasa sai ta zame masa aiki.

Universal ya shafe shekaru a matsayin wurin da ake leƙawa kwana ɗaya ko biyu a ƙarshen tafiya. Sabon dandalinsu na Epic Universe da suka buɗe a Orlando ranar 22 ga Mayun 2025, wanda rahotanni suka ce ya ci wajen dala biliyan 7, an gina shi ne don ya karya wannan tsari. Ya zo da sababbin otal uku, kuma yanzu suna iya ce wa iyali su zo su yi mako guda cur a wajensu.

Baban Yusra:
Hajiya, na fahimci batun kwana, don ko a harkarmu wanda baƙo ya sauka a gidansa shi ke cin cinikinsa. Amma ta yaya Universal ya samu ƙarfin gwiwar zuba biliyan bakwai a garin da Disney ya riga shi da kusan shekara ashirin? Ai wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Injiniya Bazazzagi:
Alhaji, amsar tana cikin abin da ya faru a 2010. Disney ya buɗe a Filorida a watan Oktoban 1971, Universal kuwa sai a 1990, kuma ko a lokacin Disney ya yi sauri ya buɗe nasa dandalin mai jigon fina-finai a 1989 don ya tare masa hanya. Har da Universal ya ƙara dandali na biyu, Islands of Adventure, a 1999, bai girgiza kowa ba. Abin da ya sauya lissafi shi ne sashen Harry Potter da aka buɗe a watan Yunin 2010. Masu shiga wannan dandali sun tashi daga wajen miliyan 4.6 a 2009 zuwa sama da miliyan 7.6 a 2011, kuma ba tikiti kaɗai suka saya ba, sun yi layi don sayen sandar wasa da alkyabba da abin sha. Daga nan masu kuɗi suka gane cewa labarin da mutum ya girma da shi ya fi ƙarfe da siminti jan jama'a. Kamfanin Comcast, wanda ya karɓi ragamar NBCUniversal, uwar kamfanin Universal, a 2011, ya sayi rabin da kamfanin zuba jari na Blackstone ke da shi a Universal na Orlando a shekarar a kan kusan dala biliyan 1, ya kuma buɗe bakin aljihu tun daga lokacin.

Akwai dabarar da ta fi burge ni a matsayina na mai aikin gini. A 2014 sun gina kashi na biyu na sashen Harry Potter, amma ba su haɗa shi da na farko ba, sai suka kai shi ɗaya dandalin, suka haɗa su da jirgin ƙasa wanda ba ka hawansa sai kana da tikitin shiga dandali biyu a rana ɗaya, wanda ya fi tsada. Wato layin dogo mai 'yar gajeriyar tafiya ya zama hanyar ƙara farashi ba tare da an ce an ƙara ba. Disney bai zauna ba. Ya ƙulla yarjejeniyar Avatar a 2011, ya buɗe sashen a 2017, sannan ya buɗe sashen Star Wars mai eka 14 a Kalifoniya da Filorida a 2019. Wani abin dariya kuma, Disney ya sayi Marvel, kamfanin labaran jarumai, a 2009 a kan dala biliyan 4, amma saboda wata tsohuwar yarjejeniya ta 1994, Universal ne ke da haƙƙin amfani da manyan jaruman Marvel a wuraren shaƙatawa da ke gabashin kogin Misisipi. Don haka a Orlando, abokin gasa ne ke ciniki da kayan Disney yana biyan sa la'ada.

Malamin Jami'a:
Ina neman afuwar zaure, amma ina ganin ana yabon gwanintar 'yan kasuwa ana manta wanda ke biyan kuɗin wannan kokawa. Lokacin da aka buɗe Disney na Filorida a 1971, kuɗin shiga dala 3 da rabi ne, ko da yake ana sayen tikitin lilo daban. A 2025 tikitin rana ɗaya na Magic Kingdom, dandalin Disney na farko a Filorida, a lokacin cunkoso ya doshi dala 200. Tsarin tsallake layi da aka fara a 1999 kyauta ne, amma a 2021 aka mayar da shi na kuɗi, kuma bas ɗin da Hajiya ta ambata an soke shi. Mun saba jin cewa gasa tana sauke farashi. A nan me ya sa ba ta sauke ba? Ina ganin saboda kamfanonin biyu sun gano cewa mutum dubu masu kashe kuɗi da yawa sun fi musu mutum dubu biyu masu zuwa da abincinsu a jaka. Biliyoyin da ake sanarwa ba daga sama suke faɗowa ba, daga aljihun iyaye ake tatso su.

Akantan Zaure:
Malam ya faɗi gaskiya a kan farashi, amma ina da ja a kan dalilin. Dandali yana da iyakar mutanen da zai iya ɗauka a rana. Magic Kingdom ya karɓi mutum wajen miliyan 17.7 a 2023, kuma idan aka rage farashi abin da za a samu shi ne layin awa uku, wanda shi ma korar mutane yake yi. Wanda ba zai iya ƙara yawan kaya ba, farashi yake ƙarawa. Kuma a duba matsayin da wannan sashe yake da shi a cikin kamfanin: a shekarar kuɗi ta 2024 sashen wuraren shaƙatawa da jiragen ruwa ya kawo wa Disney ribar gudanarwa ta sama da dala biliyan 9, wato kusan kashi 60 na ribar dukkan sassan kamfanin. A shekarun da harkar talabijin ta kebul ke ja da baya kuma manhajar kallon fina-finai ke cin kuɗi, wuraren shaƙatawa ne suka riƙe gidan. Saniyar da ke ba da nono ita ake ƙara wa dusa, kuma ita ake yawan tatsa.

Malamin Jami'a:
To ai mun haɗu a wuri ɗaya ke nan, Malam Akanta, bambancinmu kawai shi ne kai kana kallon abin daga ofis ni kuma daga bakin ƙofa. Amma tatsa tana da iyaka. Otal ɗin Star Wars da Disney ya buɗe a watan Maris na 2022, wanda kwana biyu na mutum biyu ya doshi dala 5,000, bai cika shekara biyu ba aka rufe shi a Satumban 2023. Ko mai suna irin na Disney yana iya wuce gona da iri.

Ɗan Kasuwar Kwari:
Jama'a, ku dawo da mu Gabas ta Tsakiya, don can ne tambayar Baban Yusra take, kuma can ne ƙafarmu ta fi takawa. Na shafe shekaru ina zuwa Dubai saro kaya, kuma na ga yadda aka yi ta kururuta Dubai Parks and Resorts da aka buɗe a 2016, da Motiongate da Legoland da Bollywood Parks a wuri guda. Kamfanin da ya gina shi ya yi ta tafka asara, mutanen da aka yi hasashe ba su zo ba, aka fasa ginin dandalin Six Flags, kamfanin wuraren shaƙatawa na Amurka, da aka shirya a wurin, a 2021 kamfanin Meraas ya saye shi aka cire shi daga kasuwar hannun jari, Bollywood Parks kuma aka rufe shi a 2023. Duk wanda ya san zafin Dubai a watan Yuli ya san ba a yawo a fili da yara da tsakar rana. Abu Dabi ta fi su lura, ta sa Ferrari World a 2010 da Warner Bros. World a 2018 da SeaWorld a 2023 duk a ƙarƙashin rufi da na'urar sanyaya wuri. To idan Disney ya kalli abin da ya sami Dubai ya ce shi kam sunansa kawai zai bayar, ni ban ga laifinsa ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Injiniya Bazazzagi:
Sai dai kada mu auna Abu Dabi da ma'aunin ɗan kasuwa mai neman uwar kuɗinsa daga tikiti. Miral na gwamnatin Abu Dabi ne, kuma gwamnati tana da hanyoyin cin riba da kamfani ba shi da su: kujerun jirgin Etihad, da ɗakunan otal, da darajar filaye da gidajen da ke kewaye, da ayyukan yi. Idan dandalin ya yi canjaras amma baƙo ya ƙara kwana biyu a ƙasar, sun ci. Haka lissafin Saudiyya yake a Qiddiya, kusa da Riyad, inda asusun zuba jari na gwamnati ya gina dandalin Six Flags mai jirgin lilon Falcon's Flight da aka ƙera don gudun kilomita 250 a awa. Su ma lasisin suna suka saya. Manufarsu ta farko ita ce kuɗin da 'yan ƙasa ke fita da shi Dubai da Turai lokacin hutu ya tsaya a gida.

Akantan Zaure:
Wannan hujja ta Injiniya ita ce ake kawowa duk lokacin da gwamnati za ta sa kuɗin jama'a a irin wannan harka, kuma wani lokaci gaskiya ce, wani lokaci kuma mayafi ce da ake rufe asara da shi. Gwamnatin Hong Kong ce ke da mafi yawan hannun jari a Disney na can da aka buɗe a 2005, kuma wurin ya yi shekara tara a jere yana asara kafin ya dawo riba a 2024. A Shanghai, inda aka kashe dala biliyan 5.5 aka buɗe a 2016, kamfanin gwamnati na Shendi ke da kashi 57, Disney na da 43, amma can jama'ar da ke kewaye da wurin kaɗai sun isa su cika shi. Abin lura shi ne kason mai suna daga kuɗin da ya shigo ake cire shi, ba daga riba ba. Ko an ci ko an faɗi, shi an biya shi. Wannan ne ya sa na ce wa Alhaji tun farko ba batun rashin yarda da kasuwa ba ne kawai. Inda Disney ya tabbata da jama'a, kamar Filorida da ya yi alkawarin zuba har dala biliyan 17 bayan sasantawa da gwamnatin jihar a 2024, kuɗinsa yake sawa. Inda jama'ar sai an ɗauko su a jirgi, kuɗin wasu yake so a sa.

Maman Khalil:
Akwai waɗanda ba a ambata ba, su ne na tsakiya, kuma su ne wannan gasa ta fi matsewa. Six Flags ya taɓa durƙushewa a 2009 da bashin dala biliyan 2.4. A watan Yulin 2024 ya haɗe da Cedar Fair suka zama kamfani ɗaya mai wurare 42, amma duk da haka sun rufe wurinsu na jihar Maryland a Nuwamban 2025. Irin waɗannan wurare na mutanen gari ne, ana zuwa da safe a koma gida da yamma, da yawansu kuma a rufe suke lokacin sanyi. Ba su da otal masu yawa, ba su da taskar labarai irin ta manyan biyun. Gashi kuma Universal ya fara gangarowa kasuwarsu da ƙaramin dandalin yara a Frisco ta jihar Texas.

Baban Yusra:
Hajiya, wannan ya tuna mini da ƙananan wuraren wasan yara na garuruwanmu. Ranar sallah da kwana biyu bayanta ba ka samun masakar tsinke, sauran shekara kuwa lilo na tsaye yana tsatsa, mai wuri na biyan kuɗin gas ɗin janareta da albashin masu gadi. Ashe ciwon ɗaya ne, girman jiki ne ya bambanta.

Malamin Jami'a:
Haka ne Alhaji, kuma ko manyan ba su tsira ba. A 2020 da annoba ta rufe ƙofofi, Disney na Kalifoniya ya yi sama da shekara guda a kulle, kamfanin ya sallami ma'aikata 28,000 a sanarwa ɗaya. A Sin ma, attajiri Wang Jianlin na kamfanin Wanda ya yi cika baki a 2016 cewa zai hana Disney cin riba a ƙasar, amma shekara guda bayan haka bashi ya sa ya sayar da ayyukansa na shaƙatawa 13 ga kamfanin Sunac. Abin da nake jira in gani yanzu shi ne Ingila. Universal ya sayi filin tsohuwar masana'antar bulo mai eka 476 kusa da Bedford, Firaminista Keir Starmer ya sanar da aikin a Afrilun 2025, ana sa ran buɗewa a 2031 da baƙi miliyan 8.5 a shekarar farko. Wannan kai tsaye Disney na Faris aka nufa, kuma Bedford ba ta da nisa da Landan a jirgin ƙasa.

Akantan Zaure:
To ai ka ga matsalar 1992 na iya dawowa da sabuwar riga. Idan baƙo zai iya kwana a Landan ya zo da safe ya koma da dare, ribar kwana ta tafi wajen wasu. Ina zaton shi ya sa shirin farko ya ƙunshi otal guda mai ɗakuna 500 kawai, ba 5,000 ba. Sun karanta littafin asarar abokin gasarsu da kyau.

Ɗan Kasuwar Kwari:
Ni dai tambayata ga Injiniya ba ta samu amsa ba tukuna, ko da yake ban yi ta a fili ba. Idan Abu Dabi na da Disney, Riyad na da Qiddiya, Dubai na da nata, dukkansu kuma iyalin Indiya da na Rasha da na Turai da namu ɗaya suke jira, wa zai cika su a watan Agusta?

Injiniya Bazazzagi:
Masu aikin sun dogara ne da cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya suna zaune cikin tafiyar awa huɗu a jirgi daga Daular Larabawa, kuma Disney da kansa ya kafa hujja da wannan ranar sanarwar. Amma zama kusa daban, samun biza da kuɗin tikitin mutum shida daban. Kai da ka san yadda aka hana masu fasfo ɗinmu na Najeriya bizar Dubai daga 2022 zuwa 2024, da kuma inda dala ta kai, kai ya kamata ka ba mu wannan amsa, Alhaji.

Ɗan Kasuwar Kwari:
Zan bayar, amma sai na tambayi uwargida, don ita ce ta yi lissafin tafiyarmu ta ƙarshe, kuma har yau ba ta yarda ta nuna mini jimillar ba.